Horon likitocin cututtukan cikin jiki a ɗakin sha-ka-tafi: abin da Amurka ta gwada

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna so mu bayyana wata matsala da ta daɗe tana ci ma masu horar da likitoci tuwo a ƙwarya a ƙasar Amurka, watau yadda za a koya ma likita mai neman ƙwarewa a fannin cututtukan cikin jiki duban maras lafiyar da ba a kwantar ba, wanda ke zuwa da ƙafarsa, a duba shi, ya koma gida, sannan ya dawo bayan wata ɗaya ko uku. Wurin da ake wannan aiki za mu kira shi ɗakin sha-ka-tafi, kamar yadda Hausawa suka saba. Likitan da ya gama karatun jami'a ya shiga horon ƙwarewa kuwa za mu ce masa mazauni, domin ma'anar sunan da ake ba shi ke nan da ingilishi da faransanci, kuma za mu ga dalili nan gaba.

Kafin mu shiga bayani, wajibi ne mu kawar da wani ruɗani. A Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta, har da tamu, ƙwararren likitan cututtukan cikin jiki ma'aikacin babban asibiti ne, ana turo masa ciwon da ya gagari wasu. A Amurka aikinsa ya fi haka faɗi. Can likitoci iri 3 ne ke tsaye a matakin farko na kiwon lafiya: likitan iyali, likitan yara, da likitan cututtukan cikin jiki na gama-gari, wanda ke riƙe da manya shekara da shekaru, ya san hawan jininsu, ya san ciwon sukarinsu, ya san halin gidansu. Horon nasa shekara 3 ne. Tambayar ita ce: a cikin waɗannan watanni 36, nawa ne yake yi yana koyon wannan aiki na riƙon mutane, kuma ta wace hanya?

1. Inda ciwo yake da inda ake koyo

A shekara ta 1961 Kerr White da abokan aikinsa 2 suka buga wani lissafi da ya zama tushen duk wannan mahawara. Sun ɗauki manya 1000 cikin wata guda, bisa alƙaluman Amurka da Ingila. Daga cikinsu 750 sun ce sun ji wani ciwo ko rauni, 250 sun je wurin likita, 9 an kwantar da su, 1 tak ya kai asibitin jami'a. Bayan shekara 40, a 2001, Larry Green da wasu suka sake lissafin da sababbin alƙaluma, wannan karo har da yara. Abin mamaki, hoton bai canja sosai ba: cikin mutum 1000, kamar 800 sun ji alamar ciwo, 217 sun je ofishin likita, 8 an kwantar, wanda ya kwanta a asibitin jami'a kuwa bai ma cika 1 ba.

Ma'anar wannan a fili take. Mazaunin da ya yi mafi yawan horonsa a bakin gadajen asibitin jami'a, ya koyi likitanci ne a kan mutum 1 cikin 1000, kuma wannan mutum bai yi kama da sauran ba. Ya ga ciwon sukari ranar da ya kai mutum ga suma, ko ranar da za a yanke ƙafa, amma bai ga shekaru 10 da suka gabaci wannan rana ba, lokacin da gyaran magani da abinci da duban ƙafa a kai a kai za su iya hana abin faruwa. Ya iya saukar da hawan jini cikin awa ɗaya da allura ta jijiya, amma bai taɓa zama da wanda ya daina shan ƙwayoyinsa don sun yi masa tsada, ko don suna sa shi yawan fitsari a wurin aiki ba. Waɗannan ilimi ne iri biyu, kuma na farko ba ya haifar da na biyu da kansa. A bakin gado gwaje-gwaje na fitowa cikin yini, maras lafiya na kwance yana jiran likita, magani kuma ma'aikacin jinya ke ba shi. A ɗakin sha-ka-tafi likita na da minti 20 ko 30, dole ya yanke shawara da abin da ke hannunsa, ya san abin da zai iya jira da abin da ba zai iya ba, sannan ya sallami mutum ya tafi inda ba wanda ke sa masa ido.

2. Yadda horo ya maƙale a bakin gado

Asibitin Johns Hopkins na Baltimo ya buɗe a 1889, kuma a nan ne William Osler a fannin cututtukan cikin jiki, da William Halsted a fannin tiyata, suka kafa tsarin horon da Amurka ke bi har yau. Matasan likitocin a cikin asibitin suke kwana suke tashi, shi ya sa aka ce masu mazauna. Rahoton Abraham Flexner na 1910, wanda ya biyo bayan ziyarar makarantun likita 155 a Amurka da Kanada, ya ɗauki Johns Hopkins a matsayin abin koyi: makarantar likita ta jingina da jami'a, da ɗakin bincike, da babban asibiti. Wannan gyara ya kawar da makarantun bogi da dama, ba mu musun haka. Amma ya kuma sa daraja duka ta koma ga gado da ɗakin gwaji, ɗakin sha-ka-tafi ya zama wurin da ake tura ƙananan likitoci su rage layin talakawa.

Tun a 1966 rahoton kwamitin John Millis ya yi kashedi cewa ƙasar na fitar da ƙwararru a kan gaɓa ɗaya ɗaya ta jiki, tana rasa likitan da zai riƙe mutum gaba ɗayansa. A 1969 aka amince da likitancin iyali a matsayin fannin ƙwarewa. Masu fannin cututtukan cikin jiki su ma suka motsa: a 1973 babban asibitin Masacuset da ke Boston ya buɗe layin horo na musamman don matakin farko, dokar tarayya ta 1976 ta ware kuɗin tallafa ma irin waɗannan layuka, a 1978 kuma malaman fannin gama-gari suka kafa ƙungiyarsu.

To me ya hana abin tafiya? A tamu fahimta babban dalili kuɗi ne, kuma ya kamata a dubi hanyar da yake bi. Tun 1965 asusun inshorar tsofaffi na gwamnatin tarayya, Medicare, shi ne babban mai biyan kuɗin horon mazauna. Kuɗin ba ya zuwa hannun sashen jami'a ko shugaban horo, asibiti ake ba. Daga 1983 aka ƙara wani kaso da ake lissafawa bisa yawan mazauna idan an kwatanta da yawan gadaje, ana ɗora shi a kan kuɗin kowane maras lafiya da aka kwantar. Ga shi kuma mazauni ma'aikaci ne mai arha, shi ke kwanan aiki, shi ke karɓar waɗanda aka kawo da dare. Duk rabin yinin da ya yi a ɗakin sha-ka-tafi, asibiti na ganinsa hannu ne da aka cire daga gadaje. Dokar kasafi ta 1997 ta sassauta, ta yarda a ƙidaya lokacin da mazauni ya yi a wajen asibiti bisa wasu sharuɗɗa, amma ita ce kuma ta daskarar da yawan guraben da asusun ke biya a kan adadin 1996.

3. Rabin yini a mako

Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne wanda za mu kira ɗakin bibiya. Ana ba kowane sabon mazauni nasa rukunin marasa lafiya, ya zama shi ne likitansu har shekara 3, yana ganin su rabin yini guda a kowane mako, ko da wane sashe yake aiki a wannan wata. Hukumar da ke tantance horon ƙwarewa, ACGME, wadda aka kafa a 1981, ta gindaya a ƙa'idojinta na 2009 cewa aƙalla sulusin horon ya kasance a wajen gadaje, kuma ɗakin bibiya kada ya gaza zama 130 na rabin yini, a baje cikin aƙalla wata 30. Idan an tara su, yini 65 ke nan cikin shekara 3.

A takarda tsarin yana da kyau, domin ya ginu a kan abin da Barbara Starfield ta lissafa cikin ginshiƙan matakin farko, watau ɗorewar alaƙa tsakanin likita da maras lafiya. Kuma ɗorewar ba maganar jin daɗi kawai ba ce. Wani nazari da Denis Pereira Gray da abokansa suka buga a 2018 ya tattara bincike 22 daga ƙasashe daban daban, 18 daga ciki sun nuna ƙarancin mace-mace a wurin waɗanda ke ganin likita ɗaya a kai a kai.

A aikace kuwa ga yadda rana take. Mazauni ya fara zagayen gadaje tun da asuba, da azahar ya bar marasa lafiyarsa na kwance a hannun abokin aiki, ya ruga ɗakin bibiya a makare, na'urar kira na ƙara a aljihunsa saboda wani da numfashinsa ya tsananta a bene na sama. Jikinsa na nan, hankalinsa na can. Matar da ta yi wata 3 tana jiran wannan randebu don maganar ciwon gwiwa da rashin barci ba ta iya gasa da wanda ke bakin mutuwa, kuma ba laifin mazaunin ba ne. Abin da yake koya a ɓoye, ba tare da wani malami ya faɗa masa ba, shi ne cewa aikin gaske na bakin gado, wannan kuwa katsalandan ne. Daga baya taƙaita awoyin aiki ya ƙara dagula lissafi. Mutuwar Libby Zion, budurwa mai shekara 18, a wani asibitin Niyok a 1984, a hannun mazauna masu doguwar kwanan aiki, ta jawo dokar jihar ta 1989, sannan a 2003 ACGME ta ƙayyade awa 80 a mako ga ƙasar baki ɗaya. Gyara ne da ya dace, sai dai wanda ya kwana aiki dole ya tafi gida washegari, idan kuwa ranar ɗakin bibiyarsa ce, sai a soke ko a ba wani.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan a kan malami, domin shi ne ake yawan mantawa. A bakin gado malami na da safiya guda ya yi bayani. A ɗakin sha-ka-tafi mazauni na fitowa ya gabatar da maras lafiya cikin minti kaɗan, mutumin na zaune a ɗaki yana jira, wasu mazauna kuma na tsaye a layi. Ƙa'idar Medicare ta 1996 ta yarda mazaunin da ya wuce wata 6 ya duba matsaloli masu sauƙi ba tare da malami ya shiga ɗakin ba, muddin malamin na wurin, ba ya wani aiki, kuma ba ya kula da fiye da mazauna 4 a lokaci guda. Jarabar malami a irin wannan matsi ita ce ya karɓe zancen, ya faɗi ciwon, ya faɗi maganin, a wuce. Layi zai tafi, amma ba a koyi kome ba. Don haka ne Jon Neher da abokansa suka tsara a 1992 wata dabara mai mataki 5 da aka fi sani da koyarwar minti ɗaya. Malami zai fara da sa mazauni ya faɗi abin da shi yake zato, ya tsaya a kai. Sai ya tambaye shi hujjarsa. Bayan nan ya ba shi ƙa'ida guda da za ta yi masa amfani a wasu marasa lafiya, ya nuna masa takamaiman abin da ya yi daidai, ya gyara kuskurensa. Mataki na farko shi ne mai wuya, ga malami da ɗalibi duka, musamman inda aka saba ƙarami ba ya faɗin ra'ayi gaban babba. Amma in mazauni bai furta zatonsa ba, malami ba ya da hanyar sanin inda tunaninsa ya karkace.

Akwai kuma matsalar watan Yuli. A ƙarshen Yuni ƴan shekara ta 3 ke gamawa, a farkon Yuli sababbi ke shigowa, watau kowace shekara kusan sulusin marasa lafiyar ɗakin ke rasa likitansu lokaci guda, su koma hannun wanda bai daɗe da karɓar digiri ba. Sakamakon gwajin da aka aika a watan Yuni na iya dawowa da sunan likitan da ya riga ya bar gari. John Young da Robert Wachter sun ja hankali a 2009 cewa wannan haɗari ne da ba a kula da shi ba, alhali miƙa marasa lafiya na kwance tsakanin mai sauka da mai hawa aiki ya daɗe da samun ƙa'idoji. Asibitoci da dama yanzu na sa mai fita ya rubuta takardar miƙawa a kan waɗanda suka fi rauni, a ba su randebu da wuri.

4. Gyare-gyaren da aka gwada

Gyaran da ya fi yaɗuwa shi ne raba lokaci gida biyu, kada gado da ɗakin bibiya su haɗu a rana ɗaya. Wani asibiti a Lehigh Valley ta jihar Pensilbaniya ya bayyana nasa tsari a 2010: mako 4 a gadaje ko wani sashe ba tare da ɗakin bibiya ba, sannan mako 1 cur a sha-ka-tafi, a sake zagayowa. Ana raba mazauna rukuni 5, kowane mako rukuni ɗaya ke riƙe da ɗakin. A shekara mazauni na samun irin wannan mako kamar sau 10, in kuwa yana zaman bibiya 5 a kowane, ya haura 130 kafin ya gama. Wasu na yin 3 da 1, wasu 6 da 2. Jami'ar Sinsinati, a ƙarƙashin Eric Warm, ta bi wata hanya tun 2006: shekara guda cur a tsakiyar horo, mazauni na aiki kamar cikakken likitan matakin farko.

Binciken da aka yi a kan rabon makonni ya fi nuna abu ɗaya: mazauna sun fi natsuwa, sun daina jin ana jan su gefe biyu. A kan ɗorewar alaƙa kuwa sakamakon ya saɓa daga wuri zuwa wuri, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mu ɗauki mai hawan jini da aka canja ma magani ranar Talata, ana so a sake auna shi a duba ƙodarsa bayan mako 2. Likitansa ba zai dawo ba sai bayan mako 5. Dole wani ya gan shi, dole wani ya karanta sakamakon. Saboda haka tsarin ba ya aiki sai an kafa ƙananan ƙungiyoyi, mazauna daga rukunoni daban daban tare da malami ɗaya da ma'aikacin jinya ɗaya da ba sa canjawa, su riƙe marasa lafiya tare. Ɗorewar ta tashi daga kan mutum ta koma kan ƙungiya. Ko wannan daidai yake da abin da Starfield ke nufi, muna da shakka, amma ya fi randebun da ake sokewa.

Ta fuskar kuɗi, dokar inshorar lafiya ta 2010 ta buɗe wata ƙofa: an ba cibiyoyin lafiya na unguwa kuɗin horo kai tsaye, su ne masu riƙe da mazauna, su tura su asibiti in da bukata. Yawancin guraben na likitancin iyali ne, kuma kaɗan ne idan an kwatanta da na asibitoci. A 2022 ACGME ta sake ƙa'idojinta, ta cire adadin 130, ta ce aƙalla wata 10 a sha-ka-tafi, aƙalla wata 10 a gadaje da ɗakin kulawa mai tsanani, da wata 6 da mazauni zai tsara bisa aikin da yake nufin yi.

Shin duk wannan ya ƙara yawan masu zaɓen matakin farko? Alƙaluman da ke akwai ba su ba da ƙarfin gwiwa. A 1998 kashi 54 cikin 100 na mazauna ƴan shekarar ƙarshe sun ce za su yi aikin gama-gari, a 2003 suka koma kashi 27. Binciken Colin West da Denise Dupras na 2012 ya sami kamar 1 cikin 5, kuma ko a layukan da aka buɗe musamman don matakin farko, kamar 2 cikin 5 ne kawai. A tsakanin nan wata sabuwar sana'a ta ɓullo, ta likitan da aikinsa duka a gadaje yake, ba ya da ɗakin sha-ka-tafi ko kaɗan. Wachter da Lee Goldman suka raɗa mata suna a 1996, kafin 2016 masu yin ta sun kai wajen 50.000. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin aikin da horon ya fi koya masu ke nan. A ƙara da cewa rabin ɗaliban da suka ci bashin karatu na fita da dala 200.000 ko fiye a wuyansu, likitan zuciya na samun kusan ninki biyu na abin da likitan matakin farko ke samu, kuma wani bincike na 2016 ya nuna duk awa 1 da likita ya yi da marasa lafiya a ofis, yana yin kusan awa 2 a kan kwamfuta da takardu. Mazauni na ganin malaminsa cikin wannan hali. Jadawali, kome kyansa, ba ya gyara albashi.

5. Ta ina abin ya shafe mu

Tsarinmu ba na Amurka ba ne, amma kakansu ɗaya. Dokar Robert Debré ta 30 ga Disamba 1958 da ta kafa asibitocin jami'a a Faransa ta haɗa jinya da koyarwa da bincike a ƙarƙashin rufi ɗaya, kamar yadda Flexner ya so, kuma wannan tsari muka gada. Faransa da kanta ta ga giɓin: daga 1997 ta wajabta ma masu shirin zama likitocin gama-gari wata 6 a ofishin likitan gari, a 2004 kuma ta mai da likitancin gama-gari fannin ƙwarewa. A Nijar matakin farko na hannun ma'aikatan jinya a yawancin cibiyoyin lafiya na CSI, ƙwararren likitan cikin jiki kuwa yana manyan asibitoci. Ba za a ce ya zama likitan unguwa ba. Amma mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai sikila da ya girma, da mai ciwon hanta, duk ta ɗakin duba na waje suke zuwa masa, kuma shi ne ake sa ran zai tsara ma na ƙasa da shi yadda za su bi su. In bai taɓa bin mutum ɗaya na shekara 2 ba, da me zai tsara?

Abin da za a iya ɗauka ba tare da kashe kuɗi ba shi ne ma'auni. Tun 1975 Breslau da Reeb suka ba da hanya mai sauƙi ta auna ɗorewa: a ƙidaya zuwan da maras lafiya ya yi cikin wani lokaci, a ga kashi nawa ne ya ga likitan da aka ce nasa ne. Wanda ya zo sau 5 cikin shekara, sau 2 ya ga likitansa, ma'auninsa 0,4 ke nan. Ana iya juya lissafin ta gefen mazauni: cikin mutanen da ya duba a wata, nawa ne nasa? Na farko na auna abin da maras lafiya ya samu, na biyu na auna abin da ɗalibi ya koya, kuma ɗaya na iya hawa ɗaya na sauka, kamar yadda aka gani a wasu wuraren da suka koma rabon makonni. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya fitar da duka biyun daga rajistar ɗakin duba, bisa sharaɗi biyu: a riƙa rubuta sunan wanda ya yi duban a kowane layi, kuma a ware waɗanda suka zo sau ɗaya tak, domin su ma'auninsu kullum 1 ne ko 0, suna ɓata matsakaicin.